Tanderun Yaya Rabi

Bana azumi ya zagayo ya dawo inda na fara samunsa a Jidda. Iskar arewa mai ɗan sanyi tana kaɗawa da safe, mutum ya kai la'asar maƙogwaronsa bai bushe ba. Mutanen benen da nake gadi a unguwar Mahjar suna kwance a ɗakuna masu sanyi suna kukan wai azumi da wuya. Ba na tanka musu, ba ni nake ciyar da su ba. Shekaranjiya kuma aka yi ruwa, irin na Jidda da ba ya sallama. Na fita share bakin magudana, na tarar wani ya bar kaskon gawayi a ƙofar gida, ruwa ya kashe shi. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya bugi hancina. Na tsaya da tsintsiya a hannu kamar wawa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, warin nan bai canja ba.

Na zo umra ina da shekara ashirin da biyu, na ƙi komawa. Babu wani labari a ciki, da yawa haka suka yi. Yayata Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta karɓe ni. Tana zaune a Nuzla, a kan rufin wani tsohon bene, ɗaki biyu: ɗaya na kwana, ɗaya na tanderu. Ni ina shimfiɗa tabarma a wata rumfar kwano kusa da tankin ruwa. Mijinta Malam Ado ya rasu shekara biyu kafin zuwana, Allah bai ba su haihuwa ba. Ita tana da iƙama, takardar izinin zama. Mai benen ne ya tsaya mata, Ammi Bakur, jikan alhazan da suka zo da ƙafa tun zamanin da, Hausarsa rabi Larabci. Ni kuwa ba ni da komai sai fasfo da bizar da ta mutu.

Malam Ado ne ya gina tanderun. Ya nemo yumɓu daga wani kwari a bayan gari, ya kwaɓa da gashin akuya, ya ɗaga tukunyar da hannunsa, ya kewaye ta da bulo da yashi har ta kai ƙugun mutum. Yaya ta ce a duk Jidda babu na biyunsa, kuma babu wanda ya iya gina wani. Mu 'yan Jakara ne ta Kano, cikin gurasa muka tashi, amma gashi daban, ginin tanderu daban. Ko bargo Malam bai bar mata ba. Tanderun nan ya bari, kuma shi yake ciyar da ita.

Ɗakin yana da taga ɗaya can sama, ba ta fi faifai biyu ba. Shekara takwas tana buɗe, Yaya tana gashi da guntayen katako daga wajen magina, hayaƙi yana fita abinsa. Makon da na zo ta bar katako ta koma gawayi. Ta miƙo min tsohuwar katifar soso da wuƙa, ta ce in hau in toshe tagar. Na tambaye ta dalili. Ta ce hayaƙi ke kiran baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, su kuma in sun hau bene ba tanderu kaɗai za su tambaya ba. Na hau na toshe. Har na bi gefe-gefe da tsumma, na sa buhu a ƙarƙashin ƙofa. Na sauko ina jin daɗin aikina.

Kafin azumi abin bai nuna ba. Gashin kaɗan ne, da sassafe, titi babu kowa, takan bar ƙofa a buɗe. Azumi shi ne kakarmu. Abin da za a ci har bayan Hajji a watan nan ake samunsa. Gashi ya ninka uku, ya koma rana tsaka lokacin da unguwa take ido biyu, ƙofa kuma ta rufu.

Ga yadda ranar take tafiya. Bayan asuba Yaya ta kwaɓa fulawa a babbar roba, ta sa yis da gishiri, ta rufe da buhu, mu kwanta. Da hantsi in tashi in daka ƙuli-ƙuli da yaji, in yanka albasa ina hawaye da cikin da babu komai. Ana kiran azahar in zuba gawayi in hura. In garwashi ya yi ja, cikin tukunyar ya yi fari, sai Yaya ta shigo ta ɗaure zani a ƙirji, ta ja ƙofa. Ta tsoma hannu a ruwa, ta gutsiro kwaɓi, ta buga shi tsakanin tafuka, ta sunkuya ta manna a jikin tanderu. Hannunta na dama tun daga wuyan hannu har gwiwa babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi sulɓi kamar ta jaka. A waje iska tana kaɗa shanyar mutane, a ciki gumi yana shiga ido. Ni nake karɓar wadda ta gasu in jera a kwando. Ba na yi wa maƙiyina fatan ƙamshin gurasa mai zafi a hancin mai azumi. Yawu ya taru, ka haɗiye, ka yi istigfari, ya sake taruwa.

Bayan la'asar in ɗauki kwando biyu in sauka bakin masallaci, tsakanin mai sambusa da mai ful, dafaffen waken Larabawa. Hausawan Nuzla su yi layi. Har daga Sharafiyya wasu ke zuwa, mutum ya hau mota biyu don bandashe, gurasar da aka barbaɗa wa ƙuli da albasa, ya tsaya yana kallon hannuna kada in rage masa ƙuli. Kafin magariba kwando ya koma wayam.

Tun rana ta biyu kaina ya fara sara. Ciwo ne a goshi, kamar an ɗaura igiya ana ja. In na sauko da kwando matakala tana rawa. Yaya ma haka, takan fito ta jingina da tanki ta rufe ido. Ba mu yi mamaki ba. Duk Bahaushe ya san ciwon kan azumi: rashin goro ne. Yaya tana cin goro kamar akuya, ni ma na koya. Da an sha ruwa kowa ya jefa ɓari a baki, mu zauna a iska, kafin isha kai ya washe. Sai mu ce ka gani, goro ne. Kwana tara muna gode wa goro.

Ranar tara ga wata tukunyar gas ta fashe a gida na uku da namu. Ba a rasa rai ba, amma bene ɗaya ya ƙone. Washegari masu kashe gobara suka bi layin gida-gida. Muna tsakiyar gashi muka ji muryar Ammi Bakur a matakala yana ɗaga ta fiye da kima don mu ji. Na faɗa bayan tanki na duƙa. Ta tsakanin tanki da bango nake kallo. Su biyu ne. Babban ya tura ƙofa ya shiga, bai yi minti ɗaya ba ya fito yana fifita fuska da hula. Ya kamo hannun zanin Yaya ya jawo ta waje. Ya sa ƙaramin ya hau ya fizge katifata daga taga, ya ɗaga ta yana nuna wa Ammi Bakur, yana magana da ƙarfi. Larabcina a lokacin bai wuce na ciniki ba.

Ammi Bakur ya juya ya ce, "Ya Hajiya, ya ce wannan ba ɗaki ba ne, kabari ne mai ƙofa. Ya ce gawayi yana da wani hayaƙi da ido ba ya gani, shi ne mai kisa. Halas, an rufe."

Yaya ta ce a gaya masa shekara takwas tana aiki a nan ba ta mutu ba. Ammi Bakur bai fassara ba. Suka jira wutar ta mutu, suka zura waya a ƙarfen kwaɗon ƙofar, suka matse ta da dalma, suka manna jar takarda. Ammi Bakur ya sa hannu cewa in aka sake kunna wuta a ɗakin, shi za a kama. Suka sauka. Ƙaramin ma ya hango ƙafata a bayan tanki, muka haɗa ido, ya kau da kai. Babu wanda ya tambayi takardar kowa. Wata biyu muna shaƙar guba don kada su gan ni, sun gan ni, ko a jikinsu.

Rabin kwaɓin ranar ya yi tsami a roba muka zubar.

Kwana uku da rufewa na lura kaina garau yake. Azumin yana nan, goron babu, ciwon ma babu. Na faɗa wa Yaya. Ta ce jiki ne ya saba. Na ce nata fa? Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Yunwa dai ba mu yi irin ta mutuwa ba, a Jidda cikin azumi ba a yin ta. Ni ina zuwa shimfiɗar masallaci, dabino da nono da shinkafa, in cika ciki in ƙunso mata saura a leda. Matar Ammi Bakur tana aiko da shurba, romon buɗa-baki, kullum. Wannan kwanon shurbar shi ya fi ci wa Yaya rai. Matar da take aika wa mutane gurasa kyauta, yau ita ake hawo wa da kwano. Takan karɓa ta yi godiya, ta ajiye har ya huce. Da azahar kuwa, lokacin da ta saba shiga, sai ta rasa inda za ta sa kanta. Ta share rufin da ta riga ta share. Ta tsaya gaban jar takardar da ba ta iya karantawa. Buhun fulawa huɗu da ta saya don watan suna jingine a ɗakin kwana, danshin teku yana shigarsu.

Mun gwada dabaru. Ta gasa a kasko, ya fito kamar wainar da ta yi fushi. Ammi Bakur ya yi magana da wani ɗan Afganistan mai gasa tamis, burodin ƙasarsu, a bakin titi, ya yarda mu yi amfani da tanderunsa kafin la'asar. Mace ba ta shiga shagon, don haka ni ne mai mannawa. Wutar gas ce, zafinta ba irin namu ba ne. Uku na farko suka faɗa wuta. Na ƙone a gwiwar hannu, tabon yana nan. Waɗanda suka tsira suka fito a bushe, baki a ƙone, ciki babu laushi. Na kai bakin masallaci haka nan. Wata tsohuwa 'yar Damagaram, wadda ba ta taɓa fashin saye ba, ta ɗauki ɗaya ta juya ta ƙwanƙwasa da farce.

"Ɗan nan, wannan gurasa ce ko takalmin wanka? In ɗaya ce ba ni ƙafar hagu."

Layi ya kwashe da dariya. Na dawo da fiye da rabi. Yaya ta gutsira bayan magariba, ta tauna, ta tofar a hannu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.

Ammi Bakur ya ce ta yi haƙuri, bayan salla zai fasa bango a sa babbar taga, ya je ya roƙa a zo a duba. Ta ce bayan salla wa zai sayi gurasa kwando biyu? Ya ce, "Ya Hajiya, rai ɗaya ne." Ta ce ta sani, shi take nema wa abinci. Ni ma na sa baki, na ce mutumin nan gaskiya ya faɗa, ɗakin zai kashe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sabi'u, yaushe ka zo garin?"

Ranar sha bakwai na tafi Sharafiyya neman wankin mota. Tun safe iskar ta tsaya, gari ya yi nauyi, riga tana manne wa baya. Wajen azahar sama ta yi baƙi daga ɓangaren teku. Kafin in nemi mafaka ruwa ya sauko kamar ana juye shi da baho. Wa zai wanke mota? Na kamo hanya a ƙafa. A Nuzla ruwa ya kai ƙauri, yana tafe da leda da takalma da bawon lemo, awaki sun hau kan dakali. Na shiga gida a jiƙe sharkaf.

A hawa na biyu na ji ƙamshi. Zan faɗi gaskiya: yawuna ne ya fara tsinkewa kafin hankalina ya zo. Na ji daɗi, na taka matakala biyu ko uku cikin jin daɗin nan. Sannan na gane, na ruga.

Jar takardar tana nan, waya da dalma suna nan, babu wanda ya taɓa su. Da bakin wuƙa ta kwance ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen kwaɗon a jikin bango, ta shiga, ta jawo ƙofa. Na ɗaga kai, tagar a toshe da zaninta. Ta yi lissafin cewa da ruwan nan babu mai fitowa, babu mai jin ƙamshi, kuma Ammi Bakur ba zai shiga uku ba tunda hatimin bai karye ba. Komai ta lissafa.

Na fizge ƙofar. Zafi ya bugi fuskata. Tana zaune a ƙasa, baya a jikin bango, gurasa ɗaya a cinyarta, ido rabi a buɗe. Na kira ta, ba ta amsa ba. Na kamo ta ta hammata na ja ta waje cikin ruwan, ƙafafunta suna jan ƙasa. Na mare ta. Yayata da ta goye ni, na mare ta har sau biyu. Na tara hannu a ruwan da ke zubowa daga kwanon ɗaki na ɗura mata a baki. Ban tuna da azumi ba, ko da na tuna ma zan ɗura. Ta ƙware, ta yi tari, ta yi amai, ta fara numfashi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu.

Akwai bokitin da muke tarar ruwa a bakin rumfata, ya cika yana ambaliya. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Duk ɗan Jakara ya san abin da ruwan sanyi yake yi wa tanderu mai zafi. Na san kuma in na bar shi, gobe ko jibi za ta sake kwance ƙusoshin nan. Na ɗauki bokitin, na riƙe numfashi, na shiga na juye shi duka. Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, sannan wata ƙas a ƙasa-ƙasa. Tururi da toka suka cika ɗakin. Da ya lafa na leƙa, tukunyar ta tsage tun daga baki har gindi, wani ɓangare ya rufta ciki.

A kwando akwai gurasa goma sha ɗaya. Ban taɓa ganin ta gasa masu kyau kamarsu ba.

Ammi Bakur ya kai ta asibiti a motarsa, ruwa yana shiga ta ƙofa. Ni ban bi su ba, ba ni da takarda. Ta kwana biyu. Ranar da ta dawo ta hau matakala da kanta, ta wuce ni, ta shiga ɗakin. Ta daɗe. Ta fito da guntun yumɓu a hannu, ta zauna a bakin ƙofa.

"Ka karya min azumi, ka fasa min tanderun Malam," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "Azumin a wuyanka yake, kai za ka rama. Tanderun kuwa ba zan ce Allah ya isa ba, don uwarmu ɗaya. Amma ban yafe ba."

Na ce da ban zo ba da yanzu an yi kwana biyu da binne ta. Ta ce wannan kuma ba ni ke da shi ba.

Muka ƙarasa watan a shimfiɗar masallaci da shurbar matar Ammi Bakur. Fulawar ta sayar wa ɗan Afganistan. Ranar salla babu wanda ya ɗinka komai. Daga baya ta koma suyar ƙosai da funkaso a fili, sannan wanki a gidajen Larabawa, har gwiwa ta hana ta, ta koma Kano wajen ƙanenmu. Ba ta kore ni ba, ba ta fasa ba ni abinci ba. Ita ce ma ta yi ta bin mutane har aka samo min kafili, wanda ya tsaya min na sami takarda. Amma duk baƙon da ya zo, in za ta nuna ni, ba ta cewa ga ƙanena. Cewa take, "Wannan ne ya fasa min tanderu." Shekara ashirin da shida ta ƙara a duniya tana faɗin haka, da numfashin da na jawo mata daga ɗakin nan. A duk shekarun ba ta taɓa cewa saboda ni ta toshe tagar ba, ko da wasa, ko cikin faɗa. Ni ma ban taɓa ce mata na gode ba. Haka gidanmu yake.

Wancan ɓangaren na Nuzla an rushe shi, na je na kasa gane inda layin yake. Ammi Bakur ya daɗe da rasuwa. Gurasa yanzu ana yin ta a murhun lantarki, a sa a leda, a aiko a mota. Ban ce ba ta ciyuwa ba. Ni dai ba na saye.

Azumin da ta ɗora min ban rama ba tana da rai, taurin kai ya hana. Da ta rasu na buga waya gida na tambaya ko ta taɓa cewa ta rama ranar nan. Babu wanda ya san zancen. Na tambayi wani malami a nan Mahjar, ya ce ba haka shari'a take ba, marar lafiya ce, babu komai a kaina. Na ce na ji.

Bayan salla mutane suna yin shida. Ni bakwai nake yi, wannan ce shekara ta biyar. Rana ɗaya ta ɗora min, na sani. Amma ba ta nan balle ta ce ya isa.